Yadda Na Tsara Hutun Mako Uku a Turai da Yara

Kada ka tara garuruwa. A mako uku, birane huɗu sun isa. Mu Paris muka sauka, muka kwana shida, sai jirgin ƙasa zuwa Amsterdam, awa uku da 'yan mintuna, daga nan Jamus.

Bizar Schengen ɗaya, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, ta wadatar, amma ta Ingila daban take. A jiragen ƙasa masu dogon zango na Deutsche Bahn, kamfanin jirgin ƙasa na Jamus, yaro har shekara 14 ba ya biya in yana tare da babba, sai dai a sa shi cikin tikiti.

Rana ce ta fi wahalar da ni. A Yuli ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe goma, autata kuwa ta ƙi barci. Nemi masauki mai labule mai kauri da kicin, kusa da mahaucin halal.