Babi na Shida: A Ina Za A Sa Lambun Shan Ruwa?

Darasi na 1: Bin sawun ruwa

Idan ruwan sama ya sauka a daji, ƙasa ce ke shanye shi. A birni kuwa rufin gidaje da kwalta da siminti sun rufe ƙasar, sai ruwan ya taru ya nufi lambatu gaba ɗaya, lambatun ya cika ya tumbatsa. Lambun shan ruwa fili ne da aka ɗan zurfafa, aka shuka masa ciyawa da tsirrai, don ruwa ya tsaya a ciki ya nutse. Wurin da za a sa shi za mu koya yanzu.

Kowa ya ɗauki takarda da fensir. Ku zana layinku: gidaje, titi, lambatu, da duk wani fili da babu gini. Ba sai zanen ya yi kyau ba, kada kowa ya ji kunya. Da an ɗauke ruwa ku fita ku duba inda yake gudu. Ko ya wuce, zai bar sawu: yashi, tarkace, ko 'yar zaizaya. Duk inda kuka ga sawu ku zana kibiya. Tsinin kibiyar shi ne zai nuna inda ruwan ya nufa, ba inda ya fito ba. Inda ruwa ya kwanta kuma, ku zana da'ira.

Ga ɗan lissafi. Ruwan milimita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 murabba'in mita 100 ne. Idan aka yi ruwan milimita 20, wannan rufi shi kaɗai zai zubo da lita 2,000.

Darasi na 2: A kan kibiya, ba cikin da'ira ba

A nan mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Da an ce a nuna inda za a sa lambu, sai yatsa ya tafi cikin da'ira, inda ruwa ke kwanciya. Tunani ne mai kyau, amma ba daidai ba ne. Me ya sa ruwa ya kwanta a wurin? Ko dai ƙasar yumɓu ce, ko an daddale ta, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Wato ƙasar wurin ba ta sha. In kuka haƙa lambu a can, kududdufi kuka ƙara wa zurfi.

Ku ɗora yatsa a kan da'irar. Yanzu ku bi kibiya da baya, ku haura inda ruwan ya fito. Fili na farko da kuka tarar a kan hanyar ruwan, ku sa masa alama. Nan ne wurin. A tare ruwa tun yana tafiya, kafin ya isa inda yake kwanciya.

Mu sake. Yatsa a kan da'ira. A bi kibiya da baya. A sa alama a kan hanya. Wanda bai gane ba ya sake, ba laifi, sannu ba ta hana zuwa.

Manyan birane ma haka suke yi. A 2011 birnin Filadelfiya na Amurka ya fara wani shiri na shekara 25. Sun warwatsa ƙananan lambuna da ramukan bishiyoyi a gefen tituna da makarantu da wuraren shaƙatawa, don a riƙe kimanin milimita 25 na farko kusa da inda ruwan ya sauka. Ƙanana da yawa a sama sun fi babba guda a kwari.

Haba jama'a, duk da wannan bayani akwai wanda zai kawo takarda da alama a tsakiyar da'ira. Ba rashin basira ba ne, gaggawa ce. Ku duba takardarku yanzu. In alamar tana cikin da'ira, a goge, a koma kan kibiya.

Darasi na 3: Gwajin ƙasa

A wurin da kuka sa alama, ku haƙa rami mai zurfin santimita 30. Ku cika shi da ruwa, ku bari ya tsotse, ku sake cikawa. Cikawa ta biyu ita ce gwajin, domin busasshiyar ƙasa tana yaudara. Ku rubuta lokaci. In ruwan ya ƙare cikin awa 24, ƙasar tana sha. In bai ƙare ba, a nemi wani wurin, amma dai a kan kibiya.

Lambun kirki ba ya riƙe ruwa fiye da kwana biyu. Sauro na buƙatar kimanin mako guda daga ƙwai zuwa tashi, don haka ba zai samu zama ba.

Darasi na 4: Nisa

A bar aƙalla mita 3 tsakanin lambu da harsashin gini. Kada a sa shi kusa da masai ko rijiya, ko a gangare mai tsauri. A tambayi hukuma ko akwai bututu ko wayar lantarki a binne kafin a sa diga. An sha faɗa, ba a ji.

Darasi na 5: Girma

Girman lambun ya zama kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na filin da ke zubo ruwan. Rufin darasi na 1 zai buƙaci murabba'in mita 10 zuwa 20.

Aikin gida: a kawo taswira da sakamakon gwajin rami. Wanda alamarsa ke cikin da'ira zai sake zane.