Yadda za ka fidda tsoho kafin ruwa ya ci gida

A damanar 2020, da kogin Isa ya ɓalle madatsa ya shigo mana unguwar Lamorde a Yamai, ba gargaɗi muka rasa ba. Rediyo ya yi ta faɗa tun da ruwan ya haura santimita 620, ma'aunin jan gargaɗi a Yamai. Abin ɗaukar Inna muka rasa, ga ƙafafunta sun daina aiki. Goya ta na yi, ruwa har ƙugu, tana cewa: "Ɗan nan, ajiye ni ka ɗauko akuyar." Ko a Amurka haka aka yi da guguwar Katrina a 2005. An ce a bar birnin New Orleans, marasa mota suka zauna, tsofaffi da yawa suka mutu.

Saboda haka ka fara da mai amalanke. Tun watan Yuli ka same shi, ku yi ciniki, ka ba shi kafin alƙalami, ka karɓi lambarsa. Ranar da ruwa ya zo kuɗin ninkawa yake, in ma ka gan shi. Ka nemi ɗan'uwa a unguwar tudu, kamar Lazare, ya yarda da bakinsa zai sauke ku.

Kada ka jira ka ga ruwa a tsakar gida. Ginin laka daga gindi yake jiƙa, ya zube da dare ba sallama. Tsoho kuma ba ya son barin ɗakinsa, gardama da shi ɓata lokaci ne. Ni yanzu ce wa Inna nake za mu gaida ƙanwarta kwana biyu, sai ta ɗauki carbinta da kanta.

Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa da maganin hawan jini, a ƙulle su a leda biyu, a sa a bokiti mai murfi, a rataye kusa da ƙofa.

Bayan ruwa, in ɗan haya ne kai, ka bi mai unguwa ƙafa da ƙafa ranar rubuta sunayen waɗanda za a ba taimako. Mu sunan mai gidan aka rubuta, shi da ke zaune a tudu, shinkafa da tabarma suka tafi can. Gidan sauro kuwa ka tafi da naka. Ajin makarantar da aka sauke mu iyali huɗu ne a ciki, kuma da Oktoba ta matso aka ce mu kwashe kaya, yara za su koma karatu.