Yadda Ake Rage Ƙiba da Abincin da Ake Dafawa a Gida

Yawancin masu neman rage ƙiba sukan fara ne da tambayar abin da za su saya, wato wane shayi ko wace ƙwaya ce ke narkar da tumbi, alhali abin da ya kawo ƙibar yana nan a cikin kofin shayin safe, da kwalbar man da ke kicin, da girman malmalar tuwon dare. Jiki yana ƙona abin da yake buƙata daga abincin da aka ba shi, sannan ya ajiye ragowar a matsayin kitse, saboda haka duk wanda ya rage abin da yake ci kaɗan, kuma ya dawwama a kan hakan na tsawon watanni, nauyinsa zai sauka. Ana iya yin wannan da gero da dawa da wake da zogale, ba tare da an raba tukunya da sauran mutanen gida ba.

Kafin a taɓa abinci, a fara da awo, domin ido yana yaudara, musamman a wurinmu da ake ɗaukar tumbi alamar samu, ake kuma yaba wa amarya idan ta yi ɓulɓul. A hau sikeli da safe kafin a ci komai, a kuma auna tsawo, sannan a raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau biyu. Mutumin da nauyinsa ya kai kilo 90 kuma tsawonsa mita 1.70 ne zai raba 90 da 1.70, abin da ya samu ya sake raba shi da 1.70, sai ya sami kimanin 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ke buƙatar kulawa. Awon ƙugu ya fi wannan sauƙi, kuma tef ɗin tela ya wadatar. A zagaya shi tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso, ba tare da an shanye ciki ba. Idan na namiji ya wuce santimita 94, ko na mace ya wuce 80, haɗarin ciwon suga da hawan jini ya fara ƙaruwa, domin kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, ya fi na cinya da damtse illa.

Daga nan sai a sa wa kai buri mai yiwuwa. Saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce wadda jiki ke iya ɗauka ba tare da wahala ba, kuma ba lallai ne mutum ya koma kamar yadda yake a lokacin samartaka kafin ya ga amfani ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗora a kan tsarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan bai wuce kilo shida da ɗoriya ba.

Gyaran farko, wanda a ganina ya fi kowane saurin nuna sakamako, shi ne na abin sha. Dalili kuwa shi ne sukarin da aka sha ba ya ƙosar da mutum kamar yadda abincin da aka tauna ke yi, don haka sai ya zama ƙari a kan abin da za a ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma ta ce ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Lemun kwalba na yau da kullum yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita guda ta cinye kason yini gaba ɗaya. Yawan shan irin waɗannan lemuka ya sa gwamnatin Najeriya ta ɗora musu harajin naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Sai dai ba a kanti kaɗai matsalar take ba. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da lamurje da ake haɗawa a gida sukan sha sukari da ludayi, haka nan fura idan aka dama ta da yogot mai zaƙi. Wanda ke shan shayi sau biyu a rana, kowane kofi da cokali uku, ya riga ya sha giram 24 tun kafin a zo ga madara.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a riƙa janye sukarin sannu a hankali, a rage cokali ɗaya a kowane mako har harshe ya saba, a kuma ƙara wa zoɓo citta da kanumfari da ɓawon abarba domin su ba shi armashi. Fura a dama ta da kindirmo ko nono marar sukari, a kuma ɗauke ta a matsayin abincin rana cikakke, kada a ɗora ta a kan shinkafa. Zuma ba mafita ba ce a nan, domin jiki yana ɗaukarta kamar sukari, haka ma ruwan lemu ko na kankana da aka matse. Cin lemun kansa ya fi shan ruwansa.

Gyara na biyu na mai ne. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), yayin da giram ɗaya na sitaci ko na furotin ke ba da 4, kuma a wannan lissafi babu bambanci tsakanin man gyaɗa da manja da man shanu da man zaitun mai tsada. Babban cokali guda na mai ya kai kalori 120, lita ɗaya kuwa ta haura 8,000. Idan gida mai mutum shida yana ƙarar da lita a kwana huɗu, kowane mutum yana samun fiye da kalori 300 a kullum daga mai kaɗai. Maganin wannan shi ne uwargida ta daina tuttula mai daga bakin kwalba, ta riƙa auna shi da cokali, ta kuma kwashe wanda ya taso a saman miya kafin a zuba. Na san cewa a gidaje da yawa miyar da mai bai kwanta a kanta ba ana ganinta kamar ta rowa, amma daddawa da albasa da tattasai da busasshen kifi su ne ke ba miya ɗanɗano. A kuma sauya yadda ake sarrafa abu ɗaya: waken da za a soya a yi ƙosai ana iya turara shi a yi alale, kifi da kaza a gasa su ko a yi farfesu, dankali da doya a dafa su. Gyaɗa abinci ce mai kyau, sai dai kusan rabinta mai ne, don haka cikin tafin hannu ya isa.

Sai batun tuwo, wanda a nan ne mutane suka fi jin tsoro, suna zaton za a ce su bar shi. Abin da ake so shi ne a juya tsarin kwanon. A al'ada tuwo ne ke cika kwano, miya kuma ta zama abin taɓawa, to sai a mayar da rabin kwanon ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko awara ko nama, ragowar kashi ɗayan kuma ya zama tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Wanda ya saba cin malmala biyu ya koma ɗaya da rabi, bayan mako biyu ya koma ɗaya. Abin da zai hana shi jin yunwa shi ne yawan miyar, kuma a wannan fanni ƙasar Hausa ba ta da talauci: akwai taushe mai kabewa da alayyahu, akwai kuka da kuɓewa da karkashi da lalo, ga kwaɗon zogale da na rama, ga dambu da fate waɗanda ganye ya fi tsaki yawa a cikinsu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, kuma yalo da goba da gwanda da karas duk suna cikin lissafin.

Irin hatsin ma yana da tasiri. Gero da dawa da alkama da ba a surfe su ƙal ba suna riƙe da dusarsu, wadda ke sa abinci ya daɗe a ciki kuma sukari ya shiga jini a hankali, saɓanin farar shinkafa da burodi da taliyar leda waɗanda ba a jimawa bayan cinsu yunwa ta dawo. Idan za a dafa shinkafa da wake, a sa waken ya kai rabi ko ya fi. Dunƙulen ɗanɗano kuma a rage shi, domin mafi yawansa gishiri ne, kuma gishirin da babba zai ci a yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Cin abinci a tire ɗaya yana da daɗin zumunci, amma yana hana mutum sanin yawan abin da ya ci, don haka mai wannan niyya ya ɗebi nasa a ƙaramin faranti ko da a cikin jama'a yake zaune, ya ci a natse, kada ya yi ƙari. Hadisin da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, sananne ne ga kowa, aiki da shi ne ke da wuya a gidan biki. Masu azumin Litinin da Alhamis ko na watan Ramadan su lura cewa buɗa-baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai zaƙi yana iya mayar da duk abin da yinin ya rage, har da riba.

Motsa jiki yana taimakawa, musamman wajen hana ƙibar dawowa, ko da yake shi kaɗai ba ya rama cin da ya wuce kima. Tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako ta cika minti 150 ɗin da ake so, kuma bayan sallar Asuba ko bayan La'asar ya fi dacewa saboda zafin rana. Matar da ba ta cika fita ba tana iya zagaya tsakar gida na minti goma sau uku a yini.

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp yawanci yana ɗauke da filasko ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari, don haka abin da sikeli ke nunawa ruwa ne ya fita, kuma zai dawo da zarar an sha ruwa. Akwai kuma ƙwayoyin da aka sha ganowa an ɓoye sibutramine a cikinsu, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kuɗin ya fi amfani idan aka kai shi wurin mai kayan miya.

A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, a rana ɗaya kuma a lokaci ɗaya, a rubuta a takarda, ƙugu kuma a auna shi sau ɗaya a wata. Idan nauyi ya tsaya cak na mako uku ko huɗu, a sake duba kofin shayi da cokalin mai, domin ta nan ne tsohon hali ya fi komowa. Mai ciki da mai shayarwa da yara ba a sa su rage abinci sai da umarnin likita. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin sauke suga ya sanar da likitansa kafin ya rage tuwo, saboda sugansa na iya faɗuwa ƙasa har ya suma. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya sauya komai a cimarsa ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari ko tarin da ya ƙi ƙarewa, asibiti ya kamata ya nufa a yi masa gwaji.