Kurakuran da ke jawo wa sabon ɗan wasan Scrabble asarar maki

Sabon ɗan wasa yakan ɗauka cewa mai dogon Turanci shi ke cin Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa a kan allo, sai ya zauna yana haddar manyan kalmomi. Amma 'yan wasan Najeriya, ƙasar da Wellington Jighere ya ciyo wa kofin duniya a Ostireliya a 2015, sun fi yin suna ne wajen iya sarrafa gajerun kalmomi.

Kuskure mafi tsada shi ne raina kalmomi masu harafi biyu. Da su ake jera kalma a jikin wata, a ci makin layi biyu ko uku a ajiya ɗaya. A ƙamus ɗin Collins da ake gasa da shi sun haura 120, kuma mako guda ya isa a haddace su. Fara da masu tsada: QI, ZA, ZO, XI, XU, JO, AX. Harafin X maki 8 ne. Ka ɗora shi a gurbin da ke ninka harafi sau 3, ya yi kalma a tsaye da kwance, ka ci 48 daga shi kaɗai. V kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga kalmomi masu harafi biyu, shi ya sa ake toshe allo da shi.

Sai riƙe Q ana jiran U, tunda a yawancin kalmomin Turanci U ke bin Q. U huɗu ne kacal cikin haruffa 100, jiran na iya cinye maka zagaye da yawa. QI, QAT da QADI ba sa bukatarsa. Ka rabu da shi da wuri.

Haddar kalma ba tare da ma'anarta ba ma tarko ce. Ba a tambayar ma'ana a gasa, gaskiya ne, amma ita ke nuna maka abin da za a iya liƙa wa kalmar. QI na karɓar S, XU kuwa, sunan wani ƙaramin kuɗin Biyetnam, ba ya karɓa. Haka sunayen gari da ƙasa ba sa shiga, sai dai CHINA da TURKEY sun halatta, domin ɗaya tangaran ce, ɗaya talotalo. Wanda bai san haka ba zai ƙalubalanci kalma mai kyau, a gasa da yawa kuma maki 5 ke nan ya ba abokin karawarsa kyauta.

Kada ka zubar da S ko farin harafi, wato wanda ba a rubuta komai a kansa ba kuma yake tsayawa a madadin kowane harafi, don maki kaɗan. S huɗu ne, fararen biyu, kuma su ne ke kai mutum ga ajiye haruffa 7 na hannunsa gaba ɗaya, a ƙara masa 50. In kana da A, E, I, N, R da T, ƙarin S ɗaya ya ba ka RETAINS ko NASTIER. Don haka kafin kowace ajiya, dubi abin da zai rage a hannunka: kada ya zama wasula zalla ko baƙaƙe zalla.