Yadda Ake Warware Saƙar Tsofaffin Finafinan 'Yan Mishan a Ƙasar Sin

Daga 1933 zuwa 1966 kamfanonin Hollywood sun yi ta komawa kan labari guda: mai wa'azin Kirista ya baro Turai ko Amurka, ya sauka wani gari can cikin ƙasar Sin, ya kafa mishan, yaƙi ya zo ya rushe ta. Finafinan ba su da yawa, amma a masaƙa ɗaya aka saƙa su. Wanda ya kama bakin zaren zai iya faɗin abin da zai biyo baya tun kafin ya zo, har ya faɗi dalili. Wannan bayani na ɗalibin fim ne da mai sharhi da marubucin labari.

Abin da za ka tanada

Finafinai biyar sun isa: The Bitter Tea of General Yen na Frank Capra, 1933, The Keys of the Kingdom na John Stahl, 1944, The Left Hand of God na Edward Dmytryk, 1955, The Inn of the Sixth Happiness na Mark Robson, 1958, sai 7 Women na John Ford, 1966. Fara da na 1944, domin shi ne ya tara duk al'adun a wuri guda. Na 1933 bar shi ƙarshe, sai ka san ƙa'ida kake jin daɗin wanda ya karya ta.

Kowanne kallo biyu yake so. Na farko kada ka tsayar. Na biyu ka zauna da takarda mai gida huɗu: minti, abin da ya faru, wanda ya yi magana, wanda ya yanke shawara. Gidan ƙarshe ya fi sauran amfani. Ka ware lokaci, don na 1944 ya kai minti 137, na 1958 kuma minti 158; sauran ukun kusan awa ɗaya da rabi ne kowanne.

Ka kuma duba kwafin da ka samu. Biyun farko baƙi da fari ne, hotonsu ya kusa murabba'i. Sauran da faffaɗan hoto aka ɗauke su, kuma akwai kwafin da aka datse wa gefe biyu don ya shiga tsohuwar talabijin. A irin wannan kwafi taron Sinawa da darakta ya jera a gefe ne ke fara ɓacewa, sai ka ga jaruma ita kaɗai, lissafinka ya lalace.

Rubuta shekara biyu a saman takarda

Ɗaya shekarar da labarin ya faru, ɗaya shekarar da aka yi fim ɗin. Don ta farko, riƙe waɗannan: daular Qing ta faɗi a 1912, daga 1916 zuwa 1928 madugan yaƙi ne suka yayyage ƙasar, kowa da rundunarsa, Japan ta buɗe yaƙi gadan-gadan a 1937, 'yan kwaminis sun karɓi mulki a 1949, kuma cikin 'yan shekaru kusan duk 'yan mishan na waje suka fice.

Shekara ta biyu ce ke faɗa maka wane ne mugu. A 1944 Sin abokiyar yaƙin Amurka ce, shi ya sa Sinawan fim ɗin Stahl suke da mutunci da kunya. Bayan 1949 fim ya koma kewar abin da aka rasa. Kuskuren da sababbin masu sharhi suka fi yi shi ne su ɗora fassarar tsoron kwaminisanci a kan fim ɗin 1933 ko na 1944, alhali ba abin da ke ran masu yin su ba ke nan.

Ƙofar shiga da isowa

Duba yadda aka buɗe. Na 1944 ya fara da babban limamin coci da aka turo ya yi wa Fada Chisholm, wani dattijon limamin Katolika, ritaya a Sikotilan. Ya tsinci littafin da fadan ke rubuta rayuwarsa, ya kwana yana karantawa, daga nan aka koma baya. Amfanin dabarar shi ne an ba mai kallo wakili: mai shakka wanda zai gamsu kafin gari ya waye. Illarta kuma, duk abin da za ka gani game da Sin ta alƙalamin baƙo ya biyo.

Jarumin kusan kullum wanda nasa suka raina ne. Chisholm ya kasa a coci biyu kafin a tura shi. Gladys Aylward, jarumar na 1958, 'yar aikin gida ce a Landan, ƙungiyar mishan ta ƙi ɗaukarta, ta tara kuɗin jirgin ƙasa da guminta ta bi ta Siberiya. Wannan ɓangaren gaskiya ne, kuma ƙungiyar ita ce China Inland Mission da Hudson Taylor ya kafa a 1865, wadda masu kafa Sudan Interior Mission a 1893 suka ɗauki tsarinta na dogara da sadakar masu bi. Raina jarumin yana ba fim damar sukar hukumar coci ba tare da ya taɓa addinin ba.

Isowa kuwa sai da hayaniya: cunkoso, harshen da ba a fassara ba, da wani abin tashin hankali cikin mintunan farko. A fim ɗin Capra motar Janar Yen ta buge mai jan keken da ya ɗauko jarumar a Shanghai, Janar ko a jikinsa. Rubuta mintin da Basine na farko ya yi maganar da mai kallo ya fahimta, ka rubuta ko wanene shi. Sau da yawa kuku ne ko yaron gida.

Magani kafin wa'azi

Nan ne zuciyar tsarin, a nan ya kamata ka daɗe. Waɗannan finafinai na masu wa'azi ne, amma da ƙyar za ka ji wa'azi. Gwada da agogo: tara mintunan da aka yi ana koyar da aƙida, ka tara na magani da ciyarwa da ceton marayu, ka kwatanta. Dalilin kasuwa ne. Ana so ɗan Katolika da ɗan Furotesta da Bayahude da wanda ba ruwansa su sayi tikiti ɗaya, kuma aikin jinƙai ne kaɗai ba ya raba su.

Don haka sai an kawo gwajin da zai buɗe wa baƙo ƙofar gari. Kalli na 1944 a hankali. Chisholm ya iske mishan kufai, masu bin da suka rage kuma 'yan neman albashi ne, irin waɗanda ake kira Kiristocin shinkafa. Ya ƙi biyansu, ya koma kwana a barga. Sai aka kira shi gidan attajiri Chia, ɗansa na kwance hannu ya kumbura. Ya tsaga, ya fitar da mugunya, yaro ya tashi. Chia ya zo ya ce zai karɓi addinin don godiya, fada ya ce a'a, ba a biyan bashi da imani. Sai attajirin ya ba shi tudu guda da ma'aikata ya gina mishan. Shekaru da yawa bayan haka ne Chia ya dawo da kansa ya nemi shiga. Matakai huɗu ke nan: ceto, tayin tuba, ƙin karɓa, tuba ta gaskiya a ƙarshe. Nemo su a kowane fim.

Na 1958 ya raba gwajin uku. Da farko Aylward ta cafke linzamin alfadarin da ke gaba ta ja shi cikin masauki, sauran suka biyo, masu alfadarai suka kwana suna jin labarai. Sannan hakimin gari ya naɗa ta mai duba ƙafa, tana yawo ƙauyuka tana hana ɗaure ƙafar 'yan mata. Na uku ta shiga kurkuku ana tarzoma ta karɓe gatari daga hannun fursuna. Hakimin ya bayyana tubarsa a liyafar bankwana, daidai inda tsarin ya ajiye ta.

Akwai kuma likita marar imani. A na 1944 abokin fada ne tun yarinta, ya mutu bai tuba ba, fada bai matsa masa ba. Ford ya juya abin a 1966: likitar mace ce mai wando da sigari da giya, ita ta yaƙi kwalara, ita ta ba da ranta, shugabar mishan kuwa taurin kai ya haukata ta.

Dokar tace fim

Yawancin abin da zai ba ka mamaki a nan amsarsa take. An rubuta dokar tace finafinan Hollywood a 1930, aka fara aiki da ita da gaske a watan Yulin 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, aka yi watsi da ita a 1968. Ta hana a mai da malamin addini abin dariya ko mugu. Ta kuma hana soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata, a aikace kamfanoni suka faɗaɗa tsoron har zuwa mutanen Asiya.

Fim ɗin Capra ya riga tsanantawar, shi ya sa ya sha bamban. A wajen taron biki wani bishop ya ba da labarin yadda ya yi wa wasu 'yan Mongoliya wa'azin gicciye, suka saurara da kyau, daga baya suka tare ayari suka gicciye mutanensa. Jarumar ma ta yi mafarkin Yen a siffar dodo mai zaƙo-zaƙon farce yana fasa ƙofa, wani mai rufe fuska ya cece ta, da ta yaye ƙyallen sai ta ga shi ma Yen ne. Bayan 1934 ba mai barin wannan ya wuce.

To, duba yadda kowane fim ya kashe wutar soyayya. Yen ya sha shayi mai guba. Budurwar Chisholm ta mutu kafin ya zama fada. A na 1955 ma'aikaciyar jinya ta kamu da son fada, sai aka bayyana cewa matuƙin jirgin sama ne da ya saci rigar limami don ya tsere wa madugun yaƙi, matsala ta warware kanta. A na 1958 an mai da hafsan da Aylward ke so ruwa biyu, ubansa ɗan Holan. Abin lura, an riga an cire sashen hana soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata daga dokar tun 1956. Al'ada ce ta ci gaba bayan doka ta tafi.

Wa ya fito a wa

Rubuta sunan kowane Basine mai iko a labarin, ka sa sunan ɗan wasan a gefe. Janar Yen, Nils Asther ɗan Suwidin. Madugun yaƙin 1955, Lee J. Cobb. Hakimin 1958, Robert Donat ɗan Ingila, wanda ya rasu kafin fim ɗin ya fito. Tunga Khan, shugaban 'yan fashin 1966, Mike Mazurki tsohon ɗan kokawa. Duk an ja musu ido da kwalliya. 'Yan wasa masu asalin Sin, irin su Benson Fong da Burt Kwouk, an bar musu mai hidima da fursuna. Idan ka cika gidan nan na huɗu da kyau, za ka ga shawara a hannun Bature take, ko da yana sanye da rigar Basine.

Wurin ɗauka ma haka. Duwatsun na 1958 na arewacin Wales ne, yaran kuma an ɗebo da yawansu daga unguwar Sinawa ta Liverpool. Ford bai fita daga harabar kamfanin MGM ba.

Gwada fim da tarihi

Na 1958 ne ya fi sauƙin gwadawa, tunda mutuniyar ta rayu. Aylward gajeriya ce mai baƙin gashi da harshen talakawan Landan. Ingrid Bergman da ta fito a matsayinta doguwa ce 'yar Suwidin. Masaukin da ke Yangcheng a lardin Shanxi farin ciki takwas ne a sunansa, fim ya mai da shi shida. Hafsan Basine ne gaba da baya, kuma Aylward ta nuna ɓacin ranta kan yadda aka nuna soyayyar. Fim ya nuna kamar za ta koma wurinsa. Ita kuwa ta ci gaba da aikin marayu har ta rasu a Taiwan a 1970. Abin da ba a ƙara wa gishiri ba: ta zama 'yar ƙasar Sin a 1936, kuma a 1940 ta ratsa duwatsu da yara kusan 100 a ƙafa.

Sai ka nemi abin da aka yi shiru a kansa. Yarjejeniyar Tianjin ta 1858 da ta Beijing ta 1860, waɗanda aka tilasta wa Sin a yaƙin ofiyom na biyu, su ne suka ba 'yan mishan damar shiga cikin ƙasa da kariyar gwamnatocinsu. Daga nan ƙiyayyar da ta fashe a tawayen ƙin baƙi na 1900, wanda ake kira Boxer, ta samo tushe. Finafinan biyar suna nuna jifa da zagi kamar jahilci ne kawai. Ba ka kuma ganin fastoci da masu wa'azi Sinawa da suka ɗauki yawancin aikin, ballantana Musulmin Hui da ke zaune a arewa da arewa maso yammacin ƙasar. Idan kana son fim da ya taɓo batun yarjejeniyoyin, ƙara The Sand Pebbles na 1966, wanda labarinsa ya faru a 1926 a jirgin yaƙin Amurka kan kogin Yangtze. Ɗan mishan ɗin ciki ya ƙi ceton sojojin ruwa, ya ce ya ajiye ƙasarsa, amma takardar da ya ɗaga ba ta hana a harbe shi ba.

Wurin da binciken ke yawan tsayawa shi ne rubutun sunaye. Finafinan da littattafan zamaninsu da tsohon salon rubutu suke amfani, taswirar yau kuma da sabo. Peking ita ce Beijing, Tientsin ita ce Tianjin, Sian ita ce Xi'an, Shansi kuma Shanxi. Kada ka haɗa Shanxi da maƙwabciyarta Shaanxi: daga ta farko yaran suka taso, suka haye Rawayan Kogi, daga baya suka isa ta biyu. Garin Pai-tan na 1944 kuwa kada ka wahalar da kanka nemansa a taswira, marubucin littafin da aka ɗauko fim ɗin daga ciki ne ya ƙirƙire shi.