Yadda ake saita ƙafafun gaba na Mazda MX-5 da zare

MX-5, wadda Mazda ta fara fitarwa a 1989, mota ce marar nauyi, don haka ɗan kuskure a alaimin, wato saitin ƙafafu, nan da nan direba zai ji shi a hannu. Taya ta riƙa cinyewa ta gefe guda, ko sitiyari ya karkace alhali motar na tafiya miƙe.

Kafin komai, ɗaga gaban da jak ka girgiza kowace taya. In tayarod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa) ko boljoyin (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta) na da lilo, canza shi tukuna, domin saiti a kan kayan da suka mutu ɓata lokaci ne. Sauke motar a daɓe mai lebur, daidaita iskar tayoyi, miƙar da sitiyari ka ɗaure shi.

Wurin ɗaura zaren ne ake yawan yin kuskure. Ƙafafun baya na wannan mota sun ɗan fi na gaba faɗi, don haka in ka ba zaren tazara ɗaya daga tsakiyar kowace taya, layin zai karkace. Samo sanduna biyu, ka yi musu alama iri ɗaya a kowane ƙarshe, ka ajiye ɗaya a gaban mota, ɗaya a baya. Ja zare dama da hagu a kan alamomin, daidai tsayin tsakiyar taya. Gusa sandunan har tazarar dama ta yi daidai da ta hagu a gaba, haka ma a baya. Kada ka yi gaggawa a nan.

Da rula ta ƙarfe, auna daga zare zuwa bakin rim na kowace ƙafar gaba, ta gefensa na gaba, sannan ta gefensa na baya. Ana son awon gaba ya fi na baya da kamar milimita 1 a kowace ƙafa, wato tayoyin su ɗan kalli juna.

Kwance notin tayarod, sassauta maɗaurin robar da ke rufe shi don kada ta murɗe ta yage. Juya sandar tayarod ɗin kwata ɗin zagaye, tura motar baya da gaba ta zauna, sake aunawa. Gyara ɓangarorin biyu tare, in ba haka ba sitiyari zai koma gefe. Awo ya yi, riƙe sandar da sifana ka ɗaure notin tamau.

Kwanciyar taya ciki ko waje kuwa, manyan notocin hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafa da jikin mota ta ƙasa, ke riƙe da ita, kuma wannan aikin na'urar gareji ne. In an taɓa su, dole a sake awon zaren daga farko.