Darasi na 9: Kwana a Bakin Tafki da Kallon Tsuntsaye

A jihohin Gombe da Bauchi muna da manyan ruwaye da mutum zai iya zuwa ya yini, ko ya kwana, ya ga halittun Allah da idonsa. Akwai madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, gabas da garin Gombe, a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba. Akwai madatsar Balanga a kudancin jihar. A Bauchi akwai madatsar Gubi kusa da birni, da tafkin Maladumba a ƙasar Misau. Wannan darasi zai koya maka yadda ake shirya irin wannan fita a lokacin bazara da farkon damina, wato daga Maris zuwa Yuli.

Sallama kafin sauke kaya

Babu ruwan da ba shi da masu shi. Kafin ka sauke ko tabarma, je wurin jauro ko mai unguwar ƙauyen da ke kusa, ka gaishe shi, ka ce: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Gombe. Mu huɗu ne, muna so mu kwana ɗaya a bakin ruwa don kallon tsuntsaye. Ina ya kamata mu sauka?" Daga nan sai wurin sarkin ruwa, shugaban masunta. Shi ya san inda dorina take fitowa, da inda kada yake shan hantsi, da inda ruwa ya tsaya bara. Idan kusa da jikin madatsa ne, sai ka nemi izinin ma'aikatan wurin. Tambayi mutanen gari kuma halin tsaron yankin. In sun ce kada a kwana, to a yini a koma gida.

Ruwan sha da sauran kaya

A watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a wannan yanki. Saboda haka ruwa ne kaya na farko. Ware wa kowane mutum lita 5 na sha a rana, da lita 3 na girki da alwala, lita 8 ke nan. Mutum 4 za su buƙaci lita 32 a rana, kwana biyu kuwa lita 64. Jarka uku masu cin lita 25 sun isa, har da ragowa. Ruwan tafki ba na sha ba ne sai an tace shi da ƙyalle mai tsabta, an dafa shi ya tafasa sosai na minti 1 ko fiye.

Sauran kaya su ne tanti ko tamfol, igiya, turaku 10 zuwa 12, guduma, tabarma, gidan sauro mai magani, tocila da batir na ƙari, ashana a cikin leda, buta, ƙaramar fartanya, takalmi rufaffe, malafa, littafin rubutu da fensir. Fensir ya fi biro, domin tawada takan narke idan takarda ta jiƙe. Abinci a ɗauki wanda zafi ba ya lalatawa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shayi da sukari.

Inda za a kafa tanti

Nan ne darasin ya fi nauyi, don yawancin wahalar kwanan daji daga zaɓen wuri take farawa. Baƙo yakan ga farin rairayi mai laushi dab da ruwa ya ce ya sami makwanci. Wannan wurin shi ne mafi hatsari. Nan dabbobi suke bi, nan sauro ya fi yawa, kuma nan ruwa yake fara cinyewa idan an yi ruwan sama a can sama da kogi, ko da ɗigo bai sauka a kanka ba.

Duba gaɓar tafkin da kyau. Za ka ga layin da ruwa ya bari lokacin da ya cika: tarin kara, busasshiyar ciyawa da ledoji maƙale a gindin itatuwa. Tantinka ya kasance sama da wannan layin, kuma aƙalla taku 100 daga bakin ruwa. Kada ka sauka a cikin busasshen rafi ko kwari. Kada ka sauka ƙasa da madatsa a gefen kogi, musamman idan damina ta yi nisa, domin idan ruwa ya cika akan buɗe ƙofofi.

Inuwar babbar bishiya tana da daɗi da rana, amma ba wurin kwana ba ce. Busasshen reshe yakan karye idan iska ta taso, tsawa takan faɗa wa doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuka kuma sau da yawa tana da zuma a kogonta. Guji suri, tarin duwatsu da tsohon kututture, gidajen maciji da kunama ne.

Share fili mai faɗin taku 5 ta kowane gefe har sai ka ga ƙasa. Idan wurin yana da ɗan gangare, kai ya kasance ta sama. Hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, don haka ƙofar tanti ta dubi yamma. Kafa kowane turke a karkace, kansa yana kallon waje, ƙasansa yana nufar tanti. Turken da aka kafa a miƙe iska takan tumɓuke shi da ja ɗaya. A rairayi kuwa turke ba ya kamawa ko kaɗan. Ɗaura igiyar a tsakiyar guntun sanda mai tsawon kamu ɗaya, ka binne sandar a kwance, zurfin taƙi biyu, ka tattake. Ledar da ka shimfiɗa a ƙasa kada ta leƙo waje da tanti. In ta leƙo, ruwan da ya zubo daga rufi a kanta zai taru ya gangaro ƙarƙashin tabarmarka.

Murhu ya yi nisan taku 7 daga tanti, ta inda iska za ta tafi da tartsatsi waje. Kada a shiga da garwashin gawayi cikin tanti ko da ana ruwa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mai barci. Da bazara ciyawa a bushe take ƙamas, saboda haka a kashe wuta da ruwa, a motsa tokar, a sake zubawa. Bayan gida a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya nesa da ruwa, a rufe da ƙasa.

Karanta sama

Alamun hadari ba ɓoyayyu ba ne. Rana takan yi zafi mai gumi, iska ta ɗauke cak, sannan gabas ta yi baƙi ƙirin. Sai iska mai sanyi da ƙura ta riga ruwan isowa. Daga lokacin da ka ji wannan sanyin, mintoci kaɗan suka rage maka. Ƙara ɗaure igiyoyi, shigar da kaya, kira duk wanda yake cikin kwalekwale ya fito.

Kana iya auna nisan tsawa da ƙidaya. Da ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. Idan ka ƙirga 15, tsawar tana nisan kilomita 5. Duk abin da ya gaza 30, kana cikin hatsari. Tanti ba ya kare mutum daga tsawa. Shiga mota ka rufe gilasai, ko ka shiga ginannen ɗaki. Bar bakin ruwa, bar tudu, bar gindin bishiya. Jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin ka fito.

Zafi ma yana kayar da mutum. Wanda ya fara jiri, ciwon kai da kasala, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita. A haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara sambatu ko ya suma, sai asibiti nan take.

Yadda ake kallon tsuntsu

Lokaci biyu ne masu kyau: daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Sa tufafi masu launin ƙasa ko toka. Farar riga tsuntsu yana hango ta tun daga nesa. Zauna rana tana bayanka, ka jingina da wani kurmi don kada siffarka ta fito fili, ka yi shiru minti 15. Tsuntsayen da suka tashi da zuwanka za su dawo da kansu. Wanda yake bin tsuntsu da ƙafa bayansa kawai yake gani.

Idan kana da madubin hangen nesa, za ka ga lamba a jikinsa kamar 8x42. Lambar 8 tana nufin yana kusanto da abu sau 8, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kafe idonka a kan tsuntsun, sannan ka ɗago madubin zuwa ido ba tare da ka sunkuya ba. Masu koyo sukan duba madubin tukuna, kafin su ɗago tsuntsun ya ɓace musu.

Abu biyar ake lura da su: girma, baki, ƙafa, launi da abin da tsuntsun yake yi. Girma a kwatanta shi da wanda ka sani, kamar kurciya, kaza ko zabo. Balbela fara ce, tana bin shanu tana cin ƙwarin da ƙafarsu ta tayar, lokacin ƙwai kuma kanta da bayanta sukan yi ja-ja. Zalɓe dogo ne, yakan tsaya cikin ruwa kamar an dasa shi, idan ya tashi yana naɗe wuya. Shamuwa ita miƙe wuyanta take yi a sama, da haka ake bambanta su ko daga nesa. Baƙa ce mai farin ciki, tana isowa dab da faɗuwar damina, shi ya sa manomi yake murnar ganinta. Kirinjijiya agwagwar ruwa ce mai farar fuska, garke-garke take tashi tana fito. Dinya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, baƙa da fari, da ƙaya a gaɓar fiffike. Jinjimi fari ne mai baƙin kai da lanƙwasasshen baki. Gauraka mai tukku ruwan zinariya ya yi ƙaranci ƙwarai saboda kamu da ɓacewar fadamu, wanda ya gan shi ya rubuta ranar da wurin.

Zakaran ƙeƙuwa, tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu, a ƙasa yake ƙwai, cikin ɗan gurbi a fili, ƙwan kuma launin tsakuwa ne. Idan ya taso yana kuka yana kawo maka sura, kana dab da gurbinsa. Koma da baya ta inda ka fito. Uwa in ta daɗe a tashe, ranar bazara takan dafa ƙwan. Kada a taɓa sheƙa, kada a bar yara su zo da danƙo.

Tsuntsayen da suke zuwa daga Turai don gudun sanyi sukan koma a Maris da Afrilu, sai wajen Satumba da Oktoba su dawo. Wanda ya zo a Yuni ba zai same su ba, amma zai tarar da na gida cikin adon damina.

Dorina, kada da maciji

Akwai dorina a ruwan Dadin Kowa, manoma da masunta na wurin sun san ɓarnarta. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma hanya ɗaya take bi kullum. Za ka gane hanyar da faffaɗan sawu mai yatsu huɗu da kashin da ta watsa a jikin ciyawa. Kada ka kafa tanti a kai, kada ka shiga tsakaninta da ruwa, domin can take gudu idan ta firgita, kuma ta fi mutum gudu. Hammar da take yi gargaɗi ne. Mai ɗa ta fi kowacce faɗa.

Saboda kada, a ɗebi ruwa da rana, da guga mai igiya, kuma kada a zubar da hanjin kifi kusa da masauki. Wanka a tafki yana jawo tsargiya, ciwon fitsarin jini, wanda ƙwayarsa take fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata.

Kububuwa ta yi yawa a ƙasar Gombe, musamman farkon damina. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo. Kada ka taka ko'ina da dare sai da takalmi rufaffe da tocila, da safe kuma ka zazzage takalmin kafin ka sa. Idan ta sari mutum, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum yakan ga kamar ya warke, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko fitsari. A Kaltungo akwai asibitin da ya ƙware a kan saran maciji, a tafi tun ranar.

Mai son ganin giwa, ɓauna da gwaggon biri sai ya nufi Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, inda aka ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 350. Can da jagora ake shiga daji, kuma ƙarshen rani ya fi, lokacin da dabbobi suke taruwa a kogin Gaji.

Aikin rubutu da lissafi

Raba shafin littafinka gida huɗu: rana, lokaci, sunan tsuntsu, adadi. Ga misali: Asabar, 6:30 na safe, balbela, 14. Idan ba ka san sunan ba, rubuta kamanninsa, ka tambayi masunci.

Mutum 6 za su yi kwana 3. Lita nawa na ruwa za su ɗauka? Jarka nawa ke nan?

Ka ga walƙiya, ka ƙirga 21 kafin ka ji ƙara. Kilomita nawa ne tsakaninka da tsawar, kuma ina za ka fake?

Gobe da asuba zauna a ƙofar gidanka minti 15, ka rubuta tsuntsaye biyar da ka gani, ka kawo aji.